Tarihin Rayuwata, kashi na 14: A mahaɗa ake gane tela

Makon jiya na tsaya a kan bangon da ake shimfiɗa wa hoto mai motsi, bari in ƙarasa shi kafin mu koma maganar gidan Yaya. Baffa, Allah ya jiƙansa, magana ɗaya yake nanata mana daga kan keken ɗinkinsa: a mahaɗa ake gane tela. Idan furen atamfa bai tarar da ɗan'uwansa a gefen riga ba, warwarewa za a yi. Aikin bango a Flash, manhajar haɗa hoto mai motsi don shafukan intanet, ma haka yake.

Filin aiki na tsohon Flash faɗinsa piksel 550 ne, tsayinsa 400. Ba a zana hoto mai wannan girman, nauyi zai yi wa shafi. Ɗan yanki ake yi, 50 a kwance 50 a tsaye, ya jeru sau 11 ta faɗi, sau 8 ta tsayi, babu guntu. Kafin ya shiga Flash a buɗe shi a Photoshop, a ba shi Offset, wato a gusar da hoton, na piksel 25 a kwance da 25 a tsaye, tare da Wrap Around, don abin da ya fita ta gefe ɗaya ya shigo ta ɗayan. Gefunan huɗu za su dawo tsakiya, tabon mahaɗa ya fito kamar alamar tarawa. Nan ake gyara, sabon gefen kuwa ba a taɓa shi. A adana a PNG. JPEG yana cin launin gefe, ka wayi gari da siraran layuka sun raba bangonka gida-gida. Ko PNG ɗin ma, bayan ya shiga laburaren Flash a buɗe bayanansa a mayar da matsewar zuwa Lossless, wato wadda ba ta rage ingancin hoto, in ba haka ba Flash zai matse shi da kansa lokacin fitarwa.

Sai a ja murabba'i mai girman filin aikin, a akwatin launi a zaɓi Bitmap fill, a danna yankin. Da kansa zai cika wurin.

Har yau ina jin zafin waɗanda suka ce wahalar banza muka yi, wai tunda aka rufe Flash Player, manhajar da ke nuna aikin Flash a intanet, ranar 31 ga Disamba 2020 ilimin ya bi shi kabari. Su ne dai masu jan hoto ɗaya su baje shi har ya dushe, su karɓi kuɗin mutane. Manhajar Flash ɗin da ake zanen da ita tun 2016 ta koma Adobe Animate, kuma lissafin yanki bai canza ba, ko a CSS, harshen tsara kamannin shafin intanet, aka sa shi da background-repeat.

Motsin bangon shi ne wurin da aka fi faɗuwa. A ƙara wa murabba'in yanki ɗaya, faɗinsa ya zama 600, a danna F8 a mayar da shi alama, wato Symbol, domin adon ya tafi tare da shi. A firem na 1 (firem hoto ɗaya ne cikin jerin da ke yin motsin) ya zauna a x 0, a firem na 26 ya koma x -50, wato piksel 50 hagu, a sa tween tsakani, wato Flash ya cike motsin da kansa. Taki 25 ke nan, kowanne piksel 2 cif. Wanda ya tsaya a firem na 25 taki 24 ya raba wa 50, kowane taki ya zo da ɓurɓushin piksel, adon ya riƙa rawa a ido.

Ga mahaɗar da Baffa yake faɗi, sai dai wannan ta lokaci ce. Firem na 26 da na 1 hoto ɗaya ne, idan aka bar su duka biyu bangon zai riƙa ɗan tsayawa a kowane zagaye, kamar keke ya ci zare. A danna F6 a firem na 25, a tabbatar yana kan -48, sannan a cire na 26 da Shift da F5. Kada a sa wa tween ɗin sassauci a farko ko ƙarshe, a bar Ease a 0. A danna Ctrl da Enter, a zauna a kalli zagaye goma, ido a kan gefen dama inda sabon yanki ke shigowa.