Wata goma sha tara a zaune

Aikina na farko a kamfanin jigilar kaya shi ne tace takardun masu neman tuƙin manyan motoci. Ban taɓa riƙe sitiyarin tirela ba, amma ni ne ƙofar farko, takardar da na ture gefe ba ta isa teburin kowa. Wanda na gada ya bar mini ƙa'ida guda wadda ba a rubuta a ko'ina ba: ka duba ranar da mutum ya bar aikinsa na ƙarshe, in ya haura shekara a zaune ka wuce ta gaba. Na daɗe ina bin ta ido rufe, kuma ko a jikina.

Wani magidanci ne ya ɓata mini lissafi. Ya turo takarda bai ji amsa ba, sai ya tako da ƙafarsa. Masana'antar da yake wa aiki ta rufe, yana cikin neman wani ciwo ya kwantar da mahaifinsa, shi ya yi jinya har Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Wata goma sha tara ke nan ba albashi. Lasin tuƙin babbar mota kuwa sati uku da karɓarsa. Ina cikin harhaɗa kalmomin sallama sai shugaban direbobinmu, dattijon da kowa ke kira Baba, ya ɗago daga kujerar da yake cike takardun gyaran mota.

"Malam, yaushe rabonka da sitiyari?"

"Satin da ya wuce, yallaɓai. Na biya na ƙara awa biyu a makarantar koyon tuƙi don kada hannuna ya manta."

Baba ya ɗauki makulli ya ce mu je fili. Ya nuna masa wani lungu tsakanin tireloli biyu, ya ce ya shigar da ita da baya. Mutumin ya yi a hankali har ya fara ba ni haushi. Sau biyu yana jan birki, ya sauko, ya zagaya bayan motar ya duba, sannan ya koma. Ni a zatona saukowar nan faɗuwa ce. Da muka dawo ofis Baba ya ce mini, "Yaro, saukowar nan nake nema. Wanda ba ya jin kunyar saukowa ya duba ba zai murƙushe mini motar wani ba."

Ba a yi wata guda ba aka gwada wani saurayi da ni na zaɓo shi, takardarsa tsaf, bai taɓa zaman kashe wando ba. Abin da ban lura da shi ba, lasinsa ya shekara da wata biyu a aljihu, shi kuma yana tsaron kanti duk tsawon lokacin. Ya ƙarta giya har sai da na runtse ido, da ya zo ribas kuwa kan motar da bodin suka nemi naɗewa. A ranar na gane giɓi iri biyu ne, ni kuma na yi musu kuɗin goro. Akwai zaman da mutum ya yi kafin ya koyi tuƙi, akwai wanda ya yi bayan ya karɓi lasin. Na biyun shi ne mai cin sabon direba, domin hannun da bai gama faɗawa ba saurin mantuwa gare shi. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa wanda ya yi watanni da gama makaranta bai hau mota ba ya koma ya yi bita tukuna.

To me ya sa giɓin farko ke tsorata masu ɗaukar aiki? Na tambayi kaina, amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba: rashin sani ne. Za ka damƙa wa mutum motar da in ta yi lodi takan kai tan 36 ko fiye, ya yi kwanaki ba idon kowa a kansa, ga kamfanin inshora yana leƙen kowane sunan da ka ɗora a mota. Watannin da babu wanda zai ce ya san inda mutum yake, zuciya sai ta cike su da mafi muni. Ko kurkuku ya je? Ko an kore shi ne saboda hatsari ya ɓoye sunan wurin? Ko gwajin ƙwaya ya faɗi? A Amurka dokar tarayya ta wajabta wa mai neman tuƙin babbar mota ya lissafa wuraren da ya yi aiki a shekaru 3 na baya, da ƙarin shekaru 7 na duk aikin tuƙin haya da ya taɓa yi, kuma tun watan Janairun 2020 akwai rumbun bayanai na ƙasa da ake duba wanda ya faɗi gwajin ƙwaya ko barasa. Babu inda dokar ta ce kada a ɗauki wanda ya daɗe ba aiki. Mu ne masu tace takardu muka ƙara wannan, don ya fi sauƙi a ture takarda da a ɗaga waya.

Daga baya na karanta cewa ba ni kaɗai ke da wannan hali ba. A 2013 masana tattalin arziki uku, Kory Kroft da Fabian Lange da Matthew Notowidigdo, sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun aika takardun neman aiki na ƙirƙira kusan 12,000 a birane 100 na Amurka, suna sauya tsawon zaman da mai takardar ya yi ba aiki. Kiran ganawa ya riƙa raguwa, kuma mafi yawan raguwar a watanni takwas na farko ta faru. Ayyukan ofis da na ciniki suka gwada, ba tuƙi ba, amma wani abu da suka gano ya tsaya mini a rai. Inda aiki ya yi yawa, a nan aka fi ƙyamar wanda ya daɗe a zaune. Haka nake tunani ni ma: kullum ana kukan ƙarancin direbobi, to kai me ya hana a ɗauke ka? Ban taɓa tsayawa na tuna cewa mutumin da ke gabana sati uku kacal ya yi da zama direba ba.

Ba zan ce tsoron duk banza ne ba. Wanda ya shekara yana kwana yana tashi yadda ya ga dama, jikinsa kan sha wuya a watan farko, a sana'ar da dokar Amurka ta yarda a yi tuƙin awa 11 a cikin awa 14 na aiki, ta Tarayyar Turai kuma awa 9 a yawancin ranaku. Ga bashi da ya taru. Makonnin da sabon direba ke yi tare da mai horarwa kuɗinsu kaɗan ne, na ga waɗanda suka ajiye makulli kafin su kai ga albashin kirki saboda gida ba zai iya jira ba. Kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Irin waɗannan su ke sa hannu a yarjejeniyar da kamfani zai biya kuɗin makaranta, kai kuma ka zauna masa wajen shekara ko ka biya, ba tare da sun karanta shafi na biyu ba.

Abin da ya fi kashe takarda a hannuna kuwa ƙarya ce. Wani ya cike giɓinsa da sunan wani kamfani, lambar da ya bayar na kira, ƙaninsa ya ɗauka yana in-ina. Da ya rubuta cewa neman aiki yake bai samu ba, da na kai shi fili. Da na sauya salo, abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: kwanan wata daga kaza zuwa kaza, dalili a layi ɗaya, da wata shaida ko wani mutum wanda ba ɗan gida ba da zai ce haka ne. Takardar sallama daga wurin da ya rufe, katin asibitin wanda aka yi jinya, rasit na 'yan ƙananan ayyukan da aka taɓa, duk suna yi.

Wani gwajin da Stefan Eriksson da Dan-Olof Rooth suka yi a Suwidin, wanda ya fito a 2014, ya nuna masu ɗaukar aiki na damuwa da zaman da mutum ke ciki yanzu in ya kai wata tara, amma tsohon zaman da aiki ya biyo bayansa ba sa kula shi. Na ga haka da idona. Magidancin nan ya yi mana shekara da 'yan watanni ko madubi bai fasa ba, sannan ya nemi wani kamfanin da zai riƙa kwana a gida. Ni suka kira don tabbatarwa. Matar da ta kira ta tambayi ranar da ya fara, ta tambayi ko ya taɓa hatsari, ta tambayi ko za mu sake ɗaukarsa in ya dawo. Na riƙe wayar ina jira ta zo kan wata goma sha taran nan, har na shirya abin da zan ce. Ta yi godiya ta kashe.