Minti Ɗaya a Bakin Gadon Tsoho Mai Ciwon Ƙirji

A shekarata ta biyu da fara aikin jinya aka mayar da ni ɗakin da ake kwantar da manya masu ciwon ƙirji, inda kusan duk wanda na tarar a kan gado ya haura shekara 65. Na shiga ɗakin da yaƙinin cewa ciwon huhu ba ya ɓuya, domin a makaranta mun haddace alamominsa: zazzaɓi, tari, kaki mai kauri, sukar haƙarƙari da haki. Ban cika wata guda ba wani dattijo ya rushe mini wannan yaƙini, kuma har yau idan na tuna daren nakan ji nauyinsa a zuciyata.

An kwantar da shi ne saboda ya faɗi a banɗaki. Babu karaya, sai dai likita ya ga ya dace a riƙe shi kwana biyu saboda yawan shekarunsa da kuma ɗan tarin da yake yi. Da rana mutum ne mai raha, wanda ba ya barin ma'aikaci ya wuce gadonsa bai gaishe shi ba. A daren da na karɓi aiki na lura bai taɓa abincinsa ba, kuma da na ce masa, "Sannu Baba, ya jiki?" sai ya kira ni da sunan 'yarsa, ya ce in buɗe wa baƙi ƙofa sun daɗe a tsaye. Na auna zafin jikinsa na ga 37, 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin a jini ta nuna kashi 95, hawan jininsa bai yi wani abin tayar da hankali ba. Na ce a raina tsufa ne da baƙon wuri. A gurbin da ake rubuta yawan numfashi kuwa na sa 18, alhali ban ƙirga ba. Na dube shi ne kawai, na ga ba ya haki irin wanda na saba gani, sai na rubuta adadin da hannuna ya saba rubutawa.

Wajen ƙarfe biyu na dare babbar ma'aikaciyar jinyar da ke zagaya ɗakuna ta shigo. Ta tsaya a bakin gadonsa, ta riƙe wuyan hannunsa kamar mai jin bugun jini, amma idonta na kan ƙirjinsa, sannan lokaci zuwa lokaci tana kallon agogonta. Ba ta ce uffan ba sai da minti ɗaya ya cika. Daga nan ta ɗauki katinsa ta ce, "Numfashinsa 32. Wa ya rubuta 18?" Na ce ni ce. Ba ta yi mini faɗa a gaban majinyata ba, ta ce kawai in kira likita yanzu. Hoton ƙirji ya nuna nimoniya, wato ciwon huhun da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, a ƙasan huhunsa na dama, jinin da aka ɗiba daga jijiyar wuyan hannu kuma ya nuna iskar oksijin ɗin da ke jikinsa ta gaza abin da na'urar yatsa ta faɗa. Kafin asuba an fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta, an sa masa oksijin da ƙarin ruwa. A kwana na uku hankalinsa ya dawo, ya ce mini, "'Yata, an ce na ba ki wahala," ni kuwa na rasa bakin da zan gaya masa cewa ni ce na kusa cutar da shi.

Daga baya na zauna na koma kan karatun da na yi wa riƙon sakainar kashi. Garkuwar jikin tsoho ba ta tashi da ƙarfi kamar ta matashi, saboda haka ciwo mai tsanani yana iya kama huhunsa ba tare da zazzaɓi ba, tarinsa ma ba shi da ƙarfin da zai fitar da kakin da zai sa a farga. Abin da ake gani a maimakon haka shi ne ruɗewa, ƙin abinci, faɗuwa, yawan barci, ko mutum ya fara sakin fitsari alhali da ba ya yi. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma hauhawar wannan adadi na daga cikin alamomin da ke fara bayyana idan jiki ya soma taɓarɓarewa, sau da yawa kafin hawan jini ya sauka. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wajen gane tsananin nimoniya, wanda ake kira CURB-65, yana duba abu biyar: sabuwar ruɗewa, yawan yuriya (dattin da ƙoda ke tacewa) a jini, numfashi 30 ko fiye a minti, saukar hawan jini, da shekara 65 zuwa sama. Dattijon nan ya cika uku daga ciki a kan idona, ba tare da an jira sakamakon gwaji ba. Na kuma gane dalilin riƙe wuyan hannu: duk wanda ya san ana ƙirga numfashinsa zai canza shi, ko da bai yi niyya ba.

Ita kanta na'urar yatsa sai da na sake sanin matsayinta. Wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, kuma ta ceci rayukan da ba su ƙirguwa, amma da haske take aiki, haske kuwa abubuwa da yawa na iya tare shi. Yatsa mai sanyi, fentin farce, rawar hannu da ƙarancin gudanar jini duk suna sa ta faɗi abin da ba shi ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a ƙarshen 2020 ya nuna cewa a jikin baƙar fata takan nuna adadin da ya fi na gaskiya, har ta kan ɓoye ƙarancin oksijin kusan ninki uku na yadda take ɓoyewa a jikin farar fata. Tun daga lokacin, idan adadin da ke kan na'ura ya saba wa abin da nake gani a jikin majinyaci, nakan ɗumama masa hannu, in canza yatsa, in duba launin harshensa da cikin leɓensa, in saurari ko yana iya ƙarasa jimla ba tare da ya yanke ta ya ja numfashi ba. Sannan nakan yi wa mai jinyarsa tambayar da na kasa yi a wancan dare: "Haka yake a gida, ko yau ne ya koma haka?" Mutumin da ruɗewa ta zo masa cikin kwana ɗaya ko biyu ba gigin tsufa ke damunsa ba, akwai abin da ya tayar da ita, kuma dole a nemo shi.

Darasi na biyu ya zo mini ta hannun wata dattijuwa mai cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019. Taba ce kan gaba wajen haddasa ta, amma wannan baiwar Allah ba ta taɓa kai sigari bakinta ba, hayaƙin icen girki na shekara da shekaru ne ya cinye mata huhu, kamar yadda ƙurar wurin aiki ke cinye na wasu. Likita ya rubuta a riƙe oksijin ɗinta tsakanin kashi 88 zuwa 92, na saita shi a lita ɗaya a minti ta siririn bututun hanci, ta tsaya a 90, na wuce gado na gaba. Abin da ban yi ba shi ne yi wa ɗanta bayani. Shi kuwa ya ga na'urar maƙwabciyarta tana nuna 97, ya ga ta mahaifiyarsa na nuna 90, sai tausayi ya sa ya murɗa makunnin iskar har kusan ƙarshe.

Da na dawo na same ta a kashi 99, ɗan yana murna wai ta samu barci. Barcin ne bai yi mini ba. Na kira ta sau uku, "Mama, Mama," da ƙyar ta buɗe ido, jikinta da ɗumi, kuma da na miƙar da hannuwanta sai na ga tafukan suna faɗuwa suna tashi kamar fukafukin tsuntsu. Alama ce ta taruwar kabon dayoksaid a jini, wato gurɓatacciyar iskar da huhu ke fitarwa. An saba cewa yawan oksijin yana kashe wa irin waɗannan majinyata sha'awar numfashi, amma bayanin bai tsaya nan ba: oksijin mai yawa yana buɗe jijiyoyin jini a sassan huhun da iska ba ta shiga sosai, yana kuma sa jajayen ƙwayoyin jini su saki kabon dayoksaid ɗin da suke ɗauke da shi, huhun da ya lalace kuwa ba zai iya fitar da shi ba. Ba a kashe oksijin gaba ɗaya a irin wannan hali, domin adadin zai iya ruftawa ƙasa da inda aka fara. Mun rage shi ne a hankali, muka mayar da ita kan abin rufe fuska mai ba da iskar da kashi 28 nata daidai oksijin ne, likita ya bi jininta da gwaji har ta farfaɗo. Dole in ƙara da cewa tsoron wannan matsala bai kamata ya sa a hana oksijin ga mutumin da leɓensa ya yi duhu ba. Oksijin magani ne mai ƙa'idar sha kamar kowane magani, kuma ga yawancin majinyatan da ba su da irin cutarta ana neman kashi 94 zuwa 98 ne.

Aikin da na fi rainawa da farko, wanda yanzu nake ganin ya fi kare huhun tsoho, shi ne kula da baki da lura da haɗiya. Nimoniyar tsofaffi da yawa daga bakinsu take sauka: miyau mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, ko ɗan ruwa, ko ɓurɓushin abinci yana zamewa ta hanyar iska, musamman ga wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, ko mai cutar mantuwa, ko wanda maganin barci ya kashe wa jiki. Wani ma ba ya ƙwarewa balle a ji tari, sai dai muryarsa ta koma kamar mai magana da ruwa a maƙogwaro bayan ya haɗiye. Binciken da aka yi a gidajen kula da tsofaffi a Japan a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa waɗanda ake wanke wa baki bayan kowane cin abinci sun fi tsira daga nimoniya. Saboda haka ba na ba kowa ko kurɓin ruwa yana kwance. Nakan zaunar da shi sosai, in ba shi cokali kaɗan-kaɗan, in jira in ga maƙoshinsa ya ɗaga ya sauka kafin na gaba, in duba lungun kuncinsa ko abinci ya maƙale, in bar shi a zaune aƙalla minti 30 bayan ya gama. Haƙoran roba a cire su da dare a wanke, harshe ma a goge shi. Wanda ke yawan ƙwarewa kuwa nakan dakatar da abinci ta baki har a duba haɗiyarsa, ko da 'yan uwansa za su ga kamar mugunta nake yi.

Sarƙewar numfashi tana zuwa da tsoro, tsoron kuma yana ƙara sarƙewar. Na daina ce wa mai haki ya kwantar da hankalinsa, domin maganar ba ta taɓa yi wa kowa amfani a gabana ba. Nakan zaunar da shi ya karkato gaba, hannuwansa a kan tebur da matashi, in juya masa ƙaramar fanka ta riƙa hura fuskarsa, sannan in ce, "Baba, bi ni," in ja iska ta hanci ina ƙirga biyu, in fitar ta tsukakken baki kamar mai hura abu mai zafi ina ƙirga huɗu. Maganin shaƙa kuma nakan ce majinyaci ya yi amfani da shi a gabana, domin na sha ganin wanda ya shekara yana fesa wa harshensa magani. A girgiza, a fitar da numfashi, a ja a hankali ta 'yar kwalbar da ake haɗawa da shi, a riƙe kamar daƙiƙa 10, sannan a kurkure baki idan mai sitiroyid ne don gudun farin kurjin baki. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, kaki kuma yana ƙara danƙo idan ruwa ya yi ƙaranci, don haka nakan riƙa miƙa masa ruwa idan likita bai taƙaita ba. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi kamar kowace awa biyu, wanda zai iya kuwa a sauko da shi kan kujera tun kwanakin farko, domin kwanciya na cin ƙarfin tsoho da saurin da ke ba ni mamaki har yanzu.

Ranar da za a sallami dattijuwar nan na zauna da ɗanta na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun ranar farko. Mun yi magana kan rigakafin mura mai tsanani da ake yi kowace shekara da na nimoniya, da nisantar da ita daga hayaƙi, da cewa idan kakinta ya canza launi ko ya ƙaru, ko hakinta ya fi na kullum, kada a jira gari ya waye. Likita ya rubuta mata ɗan kati mai ɗauke da sunan cutarta da adadin 88 zuwa 92, ɗan ya sa shi a aljihun jakar magungunanta. Bayan wata bakwai aka sake kawo ta cikin dare. Abokiyar aikina da ta karɓe su a sashen gaggawa ta gaya mini cewa tana ɗauko abin rufe fuska ɗan ya riƙe mata hannu, ya ce, "Don Allah Malama, ki fara karanta wannan," sannan ya miƙa mata katin.