Idan An Sayi Kamfanin Jiragen Sama, Ina Matsayin Matuƙansa?

Duk lokacin da aka ba da sanarwar cewa wani kamfanin jiragen sama ya sayi wani, abin da ake fara kawowa shi ne kuɗin da aka biya, da yawan jiragen da za su koma hannu ɗaya, da garuruwan da za a riƙa zuwa. Na daɗe ina bibiyar irin waɗannan labarai, musamman na ƙananan kamfanonin Amurka masu jigilar gajeren zango, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin da matuƙa jiragen suke shiga tun daga ranar da aka sa hannu a kan cinikin. Tambayar da ke fara zuwa bakin matuƙi ita ce inda sunansa zai faɗa a jerin daɗewa a aiki, domin a wannan sana'a lambar mutum a jerin nan ita ce kusan dukkan abin da ya tara.

Wanda bai san tsarin ba zai ga kamar ana cika baki, don haka bari in bayyana shi. A kamfanonin jiragen Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ita ce ke ba shi lamba, kuma da wannan lamba yake zaɓen kusan komai: garin da zai zama mazauninsa na aiki, da irin jirgin da zai tuƙa, da ranakun da zai huta, da lokacin hutunsa na shekara, da kuma lokacin da zai tashi daga kujerar mataimaki ya koma kujerar kyaftin, inda albashi yake ƙaruwa sosai. Idan kasuwa ta lalace aka zo rage ma'aikata, daga ƙasan jerin ake farawa a yi sama. Babbar matsalar ita ce lambar ba ta bin mai ita zuwa wani kamfani. Kyaftin ɗin da ya shekara ashirin yana tuƙi, idan kamfaninsa ya rufe ya nemi aiki a wani wuri, a matsayin sabon mataimaki zai fara, a ƙasan wanda aka ɗauka makon da ya wuce, kuma tun da doka ta tilasta masa ajiye tuƙin jiragen fasinja idan ya kai shekara 65, shekarun da ya rasa ba su da madadi.

Ƙananan kamfanonin kuwa suna da wata lalura ta musamman. Fasinjan da ya sayi tikitin Delta ko United ko American zuwa ƙaramin gari sau da yawa jirgin wani kamfani yake hawa, duk da cewa fentin babban kamfanin ne a jikinsa. Babban kamfanin ne yake sayar da tikiti, shi yake tsara lokutan tashi, sannan ya biya ƙaramin kamfanin ladan tuƙa jiragen bisa kwangilar wasu shekaru. Yarjejeniyar da matuƙan manyan kamfanoni suka ƙulla ta ƙayyade girman jiragen da za a iya ba wa 'yan kwangila, galibi kada su wuce kujeru 76. Tun da haka ne, ƙananan kamfanonin ba su da abin yin gasa da shi sai araha, kuma albashin matuƙa yana cikin wuraren da ake fara dubawa idan ana neman arahar. Daga nan ne wata dabara ta samo asali wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka fi tsoro: a ce wa matuƙan wannan kamfani idan ba su rage buƙatunsu ba za a kai jiragen wancan kamfani, sannan a je a faɗa wa waɗancan irin wannan magana. Idan kamfanonin biyu suka koma hannun mai gida ɗaya bayan ciniki, dabarar takan ƙara sauƙi, domin jiragen nasa ne, kuma yana iya matsar da su daga takardar izinin aiki ta wannan kamfani zuwa ta wancan.

Tsoron nan yana da tarihi. A shekarar 2001 kamfanin American ya sayi TWA da ya durƙushe, kuma da aka zo haɗa jerin matuƙa, sai aka jera kaso mai yawa na matuƙan TWA a can ƙasan jerin American, ba tare da la'akari da shekarun da suka yi suna aiki ba. 'Yan watanni bayan cinikin aka kai harin 11 ga Satumba, harkar sufurin sama ta faɗi, kuma da aka fara sallamar ma'aikata daga ƙasa, waɗanda aka mayar 'yan bora su ne suka fara fita. Matuƙan TWA sun kai ƙungiyarsu ta ƙwadago mai suna ALPA kotu bisa zargin ba ta kare su yadda ya kamata ba, kuma a 2011 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba su gaskiya. Ɗacin wannan al'amari ne ya sa sanatoci biyu na jihar Missouri, inda TWA yake da babbar cibiyarsa a St. Louis, wato Claire McCaskill da Kit Bond, suka tsaya har aka kafa doka a ƙarshen 2007. Dokar ta farfaɗo da ƙa'idojin da aka shimfiɗa a 1972 lokacin haɗewar kamfanonin Allegheny da Mohawk: dole a haɗa jerin cikin gaskiya da adalci, idan kuma an kasa daidaitawa a kai wa mai raba gardama ya yanke. Idan ƙungiya ɗaya ce ke wakiltar ɓangarorin biyu, tsarinta na cikin gida ake bi.

Sai dai kalmar adalci a nan kowa da yadda yake fassara ta. Wanda kamfaninsa ya tsufa cewa yake a bi ranar ɗaukar aiki kawai. Wanda kamfaninsa yake sabo amma yana bunƙasa cewa yake a duba matsayin da kowa yake kai da kuma abin da yake sa ran samu nan gaba, domin ba daidai ba ne mutumin da ke dab da zama kyaftin ya koma jira na shekaru saboda an haɗa shi da kamfanin da ke gab da rufewa. Dukansu biyu suna da hujja, kuma ni dai ban taɓa ganin hukuncin da ya gamsar da kowa ba. Bayan haɗewar US Airways da America West a 2005, hukuncin da mai raba gardama George Nicolau ya yanke a kan jerin a 2007 ya fusata matuƙan tsohon US Airways har suka yi amfani da rinjayensu suka fitar da ALPA, suka kafa tasu ƙungiya a 2008, kuma mutanen da ke sanye da kaki iri ɗaya suka shafe shekaru suna shari'a da juna.

Abin da ya fi damuna shi ne cewa dokar 2007 ta yi magana a kan yadda za a jera sunaye, amma ba ta hana sabon mai gida kwashe aikin kansa ba. A 2009 kamfanin Republic, wanda asalinsa ɗan kwangilar gajeren zango ne, ya sayi Midwest da Frontier. Kafin shekarar ta ƙare an ajiye jiragen Boeing 717 na Midwest, aka ci gaba da jigila da sunan Midwest a cikin jiragen Embraer da matuƙan Republic suke tuƙawa, su kuwa matuƙan Midwest suka koma gida. Fasinja bai ga wani canji mai yawa a tikitinsa ba, alhali mutanen da suka gina sunan kamfanin sun rasa aikinsu.

Labarin Comair ma yana da zafi. Delta ya mallake shi gaba ɗaya a farkon shekarar 2000, kuma a 2001 matuƙansa suka yi yajin aiki na kwana 89 har suka samu yarjejeniyar da ake ganin ta fi ta takwarorinsu. Wannan nasara ce daga baya ta zame musu nauyi, domin sun zama masu tsada a kasuwar da ake auna kowa da araha. Sannu a hankali aka riƙa rarraba aikin ga wasu 'yan kwangila, jiragensu masu kujeru 50 suka daina mayar da kuɗin man da suke sha, kuma a watan Satumba na 2012 aka rufe kamfanin. A wannan shekara ce kuma Pinnacle, wanda ya sayi Colgan a 2007 da Mesaba a 2010, ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Matuƙan kamfanonin uku sun sha wahalar haɗa jeri da yarjejeniya guda, amma ba su daɗe da gamawa ba aka rufe Colgan, aka nemi sauran su amince da ragi, kafin kamfanin ya koma hannun Delta a 2013 da sabon suna Endeavor Air.

Akwai kuma batun wace ƙungiya ce za ta ci gaba da wakilci. Idan matuƙan kamfani ɗaya suna ALPA, na ɗayan kuma suna Teamsters, ko ba su da ƙungiya kwata-kwata kamar matuƙan SkyWest, to hukumar sasanci ta ƙasa ce ke tantance ko kamfanonin sun zama abu ɗaya, daga nan kuma batun wakilci ya taso, kuma yawanci masu rinjaye ne ke yin nasara. Ƙaramin ɓangare yakan tsinci kansa a hannun shugabannin da bai zaɓa ba, waɗanda kuma masu zaɓensu ne abokan jayayyarsa a kan jeri. Yajin aiki ma ba abu ne mai sauƙi ba. Dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa zuwa jiragen sama a 1936, ba ta barin yarjejeniya ta mutu. Lokacin gyaranta ne kawai yake zuwa, kuma ba a shiga yajin aiki sai hukumar ta sallami ɓangarorin an kuma jira kwana 30. Tattaunawa takan ɗauki shekaru, kuma jinkirin ya fi cutar da wanda albashinsa ya tsaya wuri ɗaya.

Ba na ɗaukar wannan a matsayin rigimar albashi kawai, domin ya shafi lafiyar waɗanda ke zaune a bayan matuƙin. Haɗarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a watan Fabrairu na 2009, wanda ya kashe mutum 50, ya jawo hankalin duniya ga horo da gajiya da ƙarancin albashi a ƙananan kamfanoni, da kuma yadda matuƙa da yawa suke tahowa daga garuruwa masu nisa kafin su fara aiki. Bayansa ne aka ɗaga sharaɗin zama mataimakin matuƙi zuwa sa'o'in tashi 1,500 ga mafi yawan masu nema. Haɗe kamfanoni yakan zo da rufe mazaunan aiki, wanda ke ƙara yawan masu doguwar tafiyar nan, sannan ya zo da haɗa littattafan aiki da hanyoyin horo guda biyu. Mutum biyu da za su zauna gefe da gefe na sa'o'i suna dogara da juna bai kamata a bar gaba ta shekaru ta yi tsami a tsakaninsu ba.

Ya kamata in yi wa masu kamfanonin adalci, domin wani lokaci ciniki ne kaɗai ke hana kamfani mutuwa, kuma aiki a ƙarƙashin sabon mai gida ya fi rashin aiki. Ƙarancin matuƙa ya sa albashin ƙananan kamfanoni ya tashi sosai daga 2022, abin da ya ba ƙungiyoyi ƙarfin da ba su da shi a zamanin Comair. A ganina wannan ƙarfi ya fi amfani idan aka kashe shi wajen rubuta kariya tun kafin a ji ƙishin-ƙishin ɗin ciniki: sharaɗin da zai ɗaure duk wanda ya sayi kamfanin da yarjejeniyar da ke ƙasa, da sharaɗin cewa idan an matsar da jirage matuƙansu za su bi su da lambobinsu, da shingen wasu shekaru da zai hana wani ɓangare ture wani daga kujerarsa, da alƙawarin cewa ba za a sallami kowa ba saboda haɗewar. Haka nan waɗanda suka shiga ƙaramin kamfani saboda alƙawarin wucewa kai tsaye zuwa babba, kamar yadda matuƙan Envoy da PSA da Piedmont suke wucewa American, suna da haƙƙin su ga a rubuce abin da zai faru da layinsu idan mallaka ta canza hannu. Matuƙan ExpressJet, waɗanda suka ga an sayar da kamfaninsu ga SkyWest a 2010, aka sake sayar da shi a 2019, sun tsaya cik a 2020 lokacin da United ya janye kwangilarsa, kuma duk wanda ya samu aiki a wani kamfani daga cikinsu, daga ƙasan jeri ya sake farawa.