Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kompaila Huɗu a Kwamfuta Ɗaya

Makon jiya mun tsaya a kan ayyukan gado da ke yawo a hannun masu gina shafukan intanet a nan Birnin Kebbi, wato aikin da wani ya fara ya bari, aka ɗauko a filashi aka kawo wa wani ya ƙarasa. Yau zan jingine labarin kaina gefe, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai mai karatu ya san tambayar farko da ake yi wa irin wannan aiki: da wace sigar kompaila aka gina shi?

Ga wanda bai sani ba, burauza ba ta jin TypeScript, JavaScript take ji. TypeScript harshe ne da Microsoft ta fitar a 2012, kuma tafintan da ke juya shi zuwa JavaScript shi ake kira kompaila, sunansa a wurin aiki tsc. Duk bayan 'yan watanni ana fitar da sabuwar siga, wasu ƙa'idoji su ƙaru, wasu su tsananta. Kamar tiya ce: sunanta ɗaya a kowace kasuwa, amma wanda ya auna shinkafa a wani gari ya zo ya sake aunawa a wani ya san ba lallai lissafi ya zo daidai ba.

Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki daga Kalgo da Aliero kusan da kuka ɗaya suke shigowa. Yaro zai ajiye laftof, allo ya yi jawur da layukan kuskure, ya ce, "Malam, wallahi wurin mai shi shina aiki, ban taɓa komi ba." Gaskiya yake faɗa. A layi na 40 an rubuta kalmar satisfies, kompaila kuma tana kukan wai an manta waƙafi. Babu waƙafin da aka manta. Kalmar satisfies ta shigo ne a siga ta 4.9, a Nuwamban 2022, shi kuwa da wadda ta girme ta yake gini. Idan ya zauna gyaran layin, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da kowa ke fara bugawa a tasha, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, shi ne tsc -v, kuma shi ne amsar da ta fi yaudara. Wannan umarni yana tambayar kompailar da aka ɗora wa kwamfutar gaba ɗaya, ba ta aikin da ke gabanka ba. Laftof ɗin hannu da muke saye sukan zo da kayan masu su na farko. Akwai wadda za ka buga tsc -v ta ce maka 1.0.3, domin tsohuwar Visual Studio, manhajar rubuta shirye-shirye ta Microsoft, ta bar kompailarta a C:\Program Files (x86)\Microsoft SDKs\TypeScript\1.0, ta kuma sa ta a gaba cikin jerin hanyoyin da Windows ke dubawa. Ko ka sauke sabuwa sau goma, tsohuwar ce za ta amsa. Buga where tsc ka ga duk inda suke; ta saman jerin ita ke cin kasuwa. A PowerShell, ɗaya daga cikin tashoshin Windows, sai ka rubuta where.exe tsc, in ba haka ba shiru za ka ji, don kalmar where wani abu take nufi a can. A Linux ko Mac, which tsc.

Wuri na biyu shi ne fayil ɗin package.json da ke bakin foldar aikin, wanda ke lissafa kayan da aikin ke buƙata. A ƙarƙashin devDependencies yawanci za ka ga layi kamar "typescript": "^5.1.3". Nan ma kada ka yi saurin cewa an gama. Wannan 'yar hular da ke gaban lambar izini ce: kawo 5.1.3 ko duk wadda ta fi ta sabunta, muddin ba ta kai 6 ba. To aikin da aka rubuta a Yunin 2023, lokacin da 5.1 ta fito, idan aka sake ɗora kayansa ba tare da fayil ɗin kulle ba, wato wanda ke riƙe ainihin sigar kowane kaya, 5.8 ko 5.9 na iya faɗowa ciki. Alamar ~ ta fi tsauri, ~5.1.3 ba ta wuce gidan 5.1. A ganina hula ba ta dace da TypeScript ba ko kaɗan, saboda masu shi ba su ɗauki alkawarin cewa tashi daga 5.1 zuwa 5.2 ba zai fasa komai ba. Kowace sabuwar siga na iya kama kuskuren da ta baya ta bari ya wuce.

Fayil ɗin kulle, package-lock.json, shi ya fi kusa da gaskiyar abin da mai aikin na farko ya yi amfani da shi. Dogo ne, dubban layuka, don haka a danna Ctrl+F a nemi "node_modules/typescript" har da alamar rufe zance ta ƙarshe. Idan typescript kawai ka nema, za ka ɓata cikin kunshin @typescript-eslint, waɗanda lambobinsu daban ne, ba su da alaƙa da lambar kompaila. Layin version da ke ƙasa shi ne lambar, babu hula babu komai. Idan yarn.lock ko pnpm-lock.yaml ka tarar maimakonsa, to da Yarn ko pnpm aka yi aikin, wato takwarorin npm, manhajar da ke sauke kayan aiki, kuma da su ya kamata a ci gaba. Gauraya su da npm na haifar da kulle biyu masu saɓa wa juna.

Amma kulle takarda ce, gani ya kori ji. Abin da ke zaune a folda yanzu shi ke yin gini. Shiga foldar aikin ta tasha, ka buga npx tsc -v. Wannan yana kiran kompailar da ke cikin node_modules, foldar da ake zuba kayan aikin da aka sauke, ita ce kuma wadda npm run build ke kira, domin umarnin da ke ƙarƙashin scripts yana fara duba node_modules/.bin kafin ya leƙa waje. Akwai tarko ɗaya a nan. Idan ba a riga an ɗora kayan aikin ba, npx na iya tambayarka ya sauko da wani kunshi mai suna tsc daga intanet. Ka ce a'a. Wannan kunshin ba TypeScript ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wanda ba ya son wannan haɗarin ya buɗe node_modules/typescript/package.json ya karanta version da idonsa, ba ya cin data ko kaɗan.

Na fi son npm ls typescript a kan su duka, domin yana zana bishiya: wane kunshi ne ya jawo wace siga. Idan ka ga deduped, ana raba guda ɗaya ne, lafiya lau. Idan ka ga invalid, abin da ke folda ya saɓa wa abin da package.json ya nema, kuma hakan ya fi faruwa idan an kwafo node_modules daga wani aikin don tsimin data. Idan lambobi biyu daban suka fito, wani kayan aiki ya taho da kompailarsa a aljihu.

Saura ta huɗu, wadda ta fi rikita masu koyo. VS Code, editan da ake rubuta aikin a ciki, yana zuwa da TypeScript nasa, kuma da shi yake ja jan layi a ƙarƙashin rubutu. Shi ya sa edita kan nuna komai tsaf amma gini ya faɗi, ko gini ya wuce edita na ta ihu. Buɗe kowane fayil mai ƙarewa da .ts, danna Ctrl+Shift+P, nemi TypeScript: Select TypeScript Version. Zai nuna lambobi biyu gefe da gefe, tasa da ta aikin. Zaɓi Use Workspace Version, sai ya rubuta hanyar node_modules/typescript/lib a cikin .vscode/settings.json.

Wasu kan buɗe tsconfig.json, fayil ɗin saitin kompaila, su ga "target": "ES2017" su ce sun samo siga. Wannan nau'in JavaScript ɗin da za a fitar ne kawai. Duk da haka fayil ɗin na da alamun shekaru: idan an rubuta "moduleResolution": "bundler", aikin bai yi ƙasa da 5.0 ta Maris 2023 ba, kompaila ta gidan 4 za ta ƙi shi tun kafin ta karanta layi ɗaya.

Masu Angular, wani tsarin gina shafuka, sun huta ta wani gefen, domin Angular ba ya wasa da wannan. Angular 15.0 na neman 4.8, Angular 17.0 na neman 5.2, kuma idan ka ba shi wata zai tsaya ya faɗa maka iyakar da yake so da wadda ya tarar. Umarnin npx ng version na jera duka. Vite kuwa, wani kayan gina shafuka, akasin haka yake: yana cire bayanan nau'i, wato ƙarin da TypeScript ke yi a kan JavaScript, ya wuce ba tare da ya duba kuskurensu ba, don haka shafi na iya tashi lafiya a npm run dev alhali tsc na da ƙorafi hamsin. Duba layin build a scripts. Idan babu tsc a ciki, babu mai duba komai.

Idan kulle ya ce 5.1.6, folda ta ce wani abu, maganin shi ne npm ci. Yana share node_modules gaba ɗaya ya sake sauke abin da kulle ya faɗa daidai, wanda kan kai ɗaruruwan megabait, don haka a tabbatar da data da cajin batir kafin a danna Enter. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, tsohuwar folda ta riga ta tafi. Zai kuma ƙi aiki idan kulle da package.json ba su jitu ba. Idan babu kulle sam, a yi kirdado da alamun da na ambata da kuma lambar da ke bayan hular, a buga npm install typescript@5.1.6 --save-dev --save-exact, a gwada gini. Wannan --save-exact shi ke cire hular, lambar ta tsaya cak ga duk wanda zai gaji aikin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga ranar da aka kawo filashin farko daga Argungu, babu kulle, babu node_modules.