Godiya bayan dawowar Baba gida

Assalamu alaikum. Jiya da la'asar aka sallamo Baba, bayan kwana 19 a asibiti. Da ƙafarsa ya shigo gida, yana dogara sanda. Alhamdulillahi.

Yawancinku ciwon ƙafa kuka ji, mu ma haka muka ɗauka. Yana dawowa daga sallar asuba ya ce wani abu ya yage shi tsakanin kafaɗu ya gangara baya, can ya lafa. Kafin rana ta fito ƙafar hagu ta yi sanyi ƙalau, tafin ya yi fari fat, ko ɗan yatsa ya kasa motsawa. Hajiya ta ɗauko man zafi, ni na ɗora ruwan gashi. Maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin jinya, ya shigo ya dafa wajen idon sawu, bai ji bugun jini ba. Ya ce, "Hajiya, a bar gashin nan. Ƙafa in jini ya yanke mata, cikin kamar awa 6 naman zai fara mutuwa." Da motarsa muka tafi. Allah ya saka masa da Aljanna.

Sai likitar da ta karɓe mu, yarinya ce ƙarama. Kowa ƙafa yake kallo, ita ta durƙusa ta ce, "Baba, bayanka fa?" Jin amsarsa ta dakatar da allurar tsinka jini, ta tura mu hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki. Ashe babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ce. Bangonta hawa uku ne. Na cikin ya tsage, jini ya kutsa tsakani ya matse ainihin hanyar da jinin ke bi, har ya toshe reshen da ke zuwa ƙafa. Aka fara saukar da hawan jinin, a daren aka bi ta matsematsi aka saka bututu ya rufe tsagar. Da asuba na taɓa ƙafar na ji ɗumi, sai kuka.

Wata takwas Baba bai sha maganin hawan jininsa ba, wai ya warke. Mun sani, muka yi shiru don kunya. Wannan laifinmu ne mu 'ya'yansa.

Samarin majalisa da kuka ba da jini, abokan kasuwarsa da kuka haɗa kuɗin aiki kafin mu buɗe baki, ma'aikatan jinya, da masu addu'a a masallacin unguwa: Allah ya bar zumunci.

Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ne. Don Allah ban da kilishi, an hana shi gishiri, kuma zai roƙe ku.