Ƙumar tana cikin keji, mu muna ta fesa tsuntsu

Na ajiye aiki a gidan kiwon tsuntsayen ado inda na daɗe ina kula da kanari da ƙananan aku. Waɗanda muka yi aiki tare sun san akwai abin da ya shiga tsakanina da Maigida, sai dai kowa da irin labarin da ya ji. Ga yadda abin ya faru.

A lokacin ƙyanƙyasa ne 'yan tsakin kanari suka fara mutuwa a sheƙa. Da yamma a bar su lafiya, da safe a tarar da ɗaya ya sandare, cikin bakinsa fari fat, babu alamar jini. Iyayen ma sun ƙi zama a kan ƙwai, dare na yi sai susa da fuffuka. Maigida ya kama tsuntsayen da rana tsaka, ya buɗe fukafukansu, bai ga komai ba. Duk da haka ya ce a riƙa fesa musu maganin ƙwari a jiki.

Ni kuwa raina bai kwanta ba. Na lulluɓe keji ɗaya da farin ƙyalle da daddare, na dawo da tocila kafin gari ya waye. Ƙyallen ya cika da ɗige-ɗige ja masu motsi. Na zare sandar da tsuntsayen ke sauka a kai, sai ga su cunkushe a bakinta inda ta haɗu da waya, da wani gari-gari mai launin toka kewaye da su. Na murtsuke su da takarda, takardar ta yi jirwayen jini. Jinin tsuntsayen da nake ciyarwa da hannuna ne.

Wannan ita ce jar ƙuma, wadda likitoci ke kira Dermanyssus gallinae. Halinta irin na kuɗin cizo ne: da rana tana ɓoye a tsagar katako, a mahaɗar keji, a ƙarƙashin sheƙa, sai dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Tsawonta da ƙyar yake kai milimita 1. In akwai ɗumi, daga ƙwai zuwa babba mai yin nata ƙwan kwana 7 ya ishe ta, kuma tana iya yin watanni a kejin da babu tsuntsu ba ta mutu ba. Ke nan duk feshin da muke yi da rana, an bar jaki ne ana dukan taiki. Ga shi kuma tsuntsu ba ya jure feshi, domin ban da huhu yana da jakunkunan iska a jiki, abin da ya shaƙa yana ratsa shi fiye da yadda yake ratsa mu.

Na kai wa Maigida takardar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙumar ba a jikinsu take kwana ba. Sai an fitar da su, an ƙona sheƙun katakon nan, an wanke kejin da tafasasshen ruwa." Ya dube ni ya ce, "Yau kuma kai ne likita?" Akwatunan sheƙar kuɗi ya sa ya saya, ba zai ƙona su ba. Da mutuwar ta ƙaru, a gaban yara masu koyon aiki ya ce sakacina ne, wai ba na shara da kyau, ya kuma yanke min albashi. Wannan maganar ita ce ta fi yi min ciwo, don ban taɓa barin faranti ya kwana da kashi ba.

Daga baya dole ta sa ya kira likitan dabbobi. Likitan ya kwance sanda ɗaya, ya duba, ya faɗi abin da na faɗa. Muka mayar da tsuntsayen keji mai tsabta, muka ƙona abin ƙonawa, muka kwance kowane keji gaɓa-gaɓa muka wanke, muka sa maganin da ya rubuta a tsagogi, muka bari ya bushe sarai. Bayan mako guda aka maimaita, saboda ƙwan da suka tsira a zagayen farko. Mutuwar ta tsaya. Har na bar wurin ban ji kalmar haƙuri daga bakin Maigida ba, albashin ma bai dawo ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su zo da wannan zafin ba. Ɓawon da ke fitowa a gindin baki da ƙafafun ƙaramin aku, mai ramuka ƙanana, aikin wata ƙuma ce da ke haƙa cikin fata, maganinta ɗigon ivermectin a fatar wuya gwargwadon nauyin tsuntsu, kuma likita ne zai auna, don ɗigo ɗaya da ya wuce ƙa'ida na iya kashe tsuntsu ƙarami. Kanarin da ya daina waƙa, yana numfashi baki buɗe da ƙara ƙas-ƙas, a zargi ƙumar hanyar numfashi. Aku mai fige gashinsa sau da yawa kaɗaici ne ko wani ciwon daban, ba ƙuma ba. Ƙwayar nan mai wari da ake ratayawa a keji wai tana korar ƙwari, a cire ta, tsuntsun take cutarwa. In an yi wanki da bilic, a ɗauraye sosai, kada tsuntsu ya dawo sai warin ya fita. Sabon tsuntsu kuma ya yi aƙalla kwana 30 a keɓe kafin a haɗa shi da sauran.

Wanda zai gaje ni, ɗan'uwa, ka kula da layin kejin da ke jikin bango. Sandunansu na gora ne, cikinsu rami, na nemi a canza su ba a canza ba. Ka riƙa zare su kana dubawa duk mako, musamman in zafi ya shigo.