Idon Iska: Asalin Kalmar Vindu

Na daɗe ina jin masu gini a Kano suna cewa windo idan suna nufin taga, amma sai kwanan nan na bi sawun kalmar, na tarar tushenta yana can arewacin Turai. A harshen Norwe ana kiran taga vindu, kuma kakarta ita ce vindauga ta tsohon harshen da mutanen Viking, matafiya da mayaƙan teku na arewacin Turai a zamanin da, suke magana da shi, wadda aka haɗa daga vindr, wato iska, da auga, wato ido. Ma'anarta ke nan idon iska.

Sunan ya dace da irin gidajen wancan zamani. Dogayen gidaje ne na katako da ake rufe wa da ciyawa, ana hura wuta a tsakiyar ɗaki, don haka dole a bar kafa wadda hayaƙi zai fita, haske da iska kuma su shigo. Babu gilashi a jikinta.

Da mutanen Viking suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, musamman bayan sun ci birnin York a shekarar 866, kalmar ta shiga bakin mutanen ƙasar. Zuwa ƙarni na 13 ta bayyana a rubuce a Turanci, ita ce ta zama window da masu gininmu suka ara, kuma sannu a hankali ta ture tsohuwar kalmarsu mai ma'anar kafar ido. Mutanen Ailan ma sun are ta, suna cewa fuinneog. Suwidin kuwa, duk da maƙwabtaka, ta rungumi fönster daga Latin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda kalmar take rayuwa da fuska biyu a Norwe kanta. Ƙasar ta yi ƙarnuka ƙarƙashin sarautar Danmak har zuwa 1814, shi ya sa rubutun Bokmål, ɗaya daga hanyoyi biyu na rubuta harshen Norwe, wanda ya tsiro daga harshen Danmak, ya gaji gajeriyar siffar vindu, inda idon ya lotse ya zama harafi guda. Shi kuwa masanin harshe Ivar Aasen ya zagaya ƙauyuka yana tattara karin harshen manoma da masunta, kuma a rubutun Nynorsk da ya samo asali daga aikinsa har yau ana rubuta vindauge. Ni wannan siffar na fi ƙauna, domin yaron da ya karanta ta zai ga iskar, ya ga idon, ba sai wani ya yi masa bayani ba.